Filin Kanikawa: Injin ya ƙi fitowa, me ya riƙe shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan kusan rabin saƙonnin da suka shigo kan magana ɗaya ne, sauke inji, kuma ban yi mamaki ba don duk shekara in damina ta kankama a Legas motocin da suka kutsa cikin ruwan Apapa da Mile 2 suka zuƙi ruwa ta iyakilina sai ka ga sun yi layi a gareji, wata kon-rod ya lanƙwashe wata ta yi nokin gaba ɗaya. Na ɗauki biyar daga ciki, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni direban tifa ne a Mile 12, Mercedes 911 nake ja tsohuwa, ta yi nokin sati biyu kenan tana tsaye a wani fili da aka cike da yashi ta wajen Owode. Bakaniken da maigidana ya kawo yace zai kafa fayif uku ya rataya cenbulok, wato abin ɗaga kayan nan mai ƙugiya da ake ja da sarƙar hannu, ya ciro injin a nan inda take, cenbulok ɗin ma aro ne rubutun jikinsa duk ya goge, sarƙar da zai ɗaure injin kuma irin wadda ake ɗaure kwantena ce. Ni dai hankalina bai kwanta ba don ni za a sa na shiga ƙarƙashi. Ya kake gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Hankalinka da bai kwanta ba ya fi bakaniken nan gaskiya. Fayif uku da cenbulok ba laifi bane, da shi muka koyi aiki kuma da shi ake sauke yawancin injinan garin nan har gobe, amma abubuwa uku da ka ambata kowanne shi kaɗai ya isa ya sa a dakata.

Bari mu fara da nauyin abin. Yawancin 911 ɗin da ke yawo a nan injin OM352 ne a cikinsu, silinda shida a jere, lita 5.7, Mercedes ta fara yinsa tun 1964, ƙarfen zubi ne tun daga bulok har tof silinda, ko ka tsiyaye mai da ruwa ya haura kilo 400. Wato buhun siminti takwas da ɗoriya a dunƙule waje guda yana lilo a saman kan mutum. Cenbulok mai tan 1 zai ɗaga shi a lissafi, amma ni bana yarda da ƙasa da tan 2, saboda lissafin nan na injin da ya riga ya rabu da mota ne, shi kuwa wanda noti ɗaya ya rage a jikinsa ba inji kake ɗagawa ba, gaban motar kake ɗagawa baka sani ba. Cenbulok ɗin da rubutunsa ya goge kuwa wa zai faɗa maka ƙarfinsa? A duba ƙugiyar da kyau, in bakinta ya buɗe ya wage to an taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, a mayar wa mai shi a gode masa. A kuma gwada birkinsa, a ɗaga wani abu mai nauyi a sake sarƙar hannu a gani ko yana zamewa.

Sarƙa kuma, ta ɗaure kaya daban ta ɗaga kaya daban, ko da a ido kamar ɗaya suke. Ta ɗagawa zaka ga an buga mata lamba 8 ko 80 a jikin wasu ƙwayoyin, mai kaurin milimita 8 irin wannan tana ɗaukar tan 2. Wadda aka yi shekaru ana ɗaure kwantena da ita daga Tin Can zuwa Kano, ruwan gishiri ya ci ta, an ja ta da abin matse sarƙa har ƙwayoyinta sun miƙe, wani wajen ma an yi mata walda, wannan ban yarda a rataya mata ko giyabos ba. Sannan ga wani abu da kanikawa da yawa basu lura da shi, yadda sarƙar ta tashi daga inji zuwa ƙugiya. In hannayenta biyu sun tashi a tsaye sosai kowanne rabin nauyi da ɗan kaɗan yake ɗauka. In ka gajarta ta suka kwanta zuwa digiri 45, ana aunawa daga kwance, kowanne ya koma ɗaukar kashi 70 cikin 100, in suka kwanta zuwa digiri 30 kowane hannu nauyin injin gaba ɗaya yake ja, kuma jan nan a kaikaice yake yi, shi ne ke karya noti ko ya matse murfin bawul ko ya lanƙwasa fayif ɗin nozul. Mutane suna gajarta sarƙa ne don fayif ɗinsu bashi da tsawo, to maganin a nemo doguwar ƙafa ko a gitta ƙarfe mai ƙwari tsakanin hannayen biyu, ba a kwantar da sarƙa ba.

Amma abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne filin nan da kace an cike da yashi. Ni wannan ya taɓa faruwa a gabana ina yaron gareji ta wajen Ijora, an yi ruwa da dare da safe ƙasa ta bushe a sama kamar ba komai, muka kafa ƙafa uku muka ɗaga inji har ya bar mazauninsa, ina riƙe da sarƙar hannu sai na ga kamar injin yana matsowa wajena a hankali, ban gane ba sai da maigidana ya daka min tsawa yace kai matsa! Ashe ƙafa ɗaya ce take nutsewa cikin laka, babu ƙara babu komai, shiru kawai take shiga, kafin mu sauke injin ya jingina da shasi ya fasa fulin gaba. Allah ya taƙaita a kan ƙarfe. Tun ranar ban sake kafa ƙafa a ƙasar Legas ba sai da katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin kowacce, sannan a ɗaure ƙafafun uku da juna da sarƙa ta ƙasa don kada su baje. Garin nan wurare da yawa fadama ce aka cike, ba ƙasar Kano bace da zaka buga turke ya tsaya.

Ita 911 tana da nata halin. Gajeren bonet ɗin nan da ake yabo an same shi ne ta hanyar tura bayan injin ƙarƙashin gilashin gaba, don haka ƙugiya bata samun sauka daidai tsakiyar inji, kuma injin baya fita sama kai tsaye sai ya fara zuwa gaba. A cire bonet da ragar gaba da lagireto da fanka tukuna, kada a yi ƙyashin wannan awa ɗayan. Tunda ƙafa uku bata tafiya, motar ce za a tura baya kaɗan-kaɗan, to a nan giyabos ɗin da za a bari a mota kada a tokare shi da jak daga ƙasa, motar na motsawa zai zame daga kan jak ɗin, a gitta katako ko ƙarfe a kan shasi a rataye shi da sarƙa ya tafi tare da motar. Kuma ka tuna injin a mace yake babu kwamfuresa babu iska, birki ba abin dogaro bane, mutum biyu su tsaya da waigi a hannu.

Batun shiga ƙarƙashi, ka shiga lokacin da injin ke zaune a kan injin sit ɗinsa ana kwance notina, wannan ba matsala. Da zarar sarƙa ta ɗauki nauyi ka fito, ko maigida ne da kansa yace ka leƙa kace masa a'a cikin ladabi.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni yaron gareji ne a Agege shekarata biyu ina koyo. Matsalata notinan nan na sama na bayan inji inda ya haɗu da giyabos, hannuna baya shiga, in ya shiga sifana bata juyawa, duk bayan hannuna ya zama tabo. Ranar nan kuma mun ɗaga injin Kanta ya ƙi fitowa ogana yace na ƙara ja, na ja sai wani abu ya tsinke fat, ashe waya ce, ya zage ni tas a gaban mutane. Baba akwai dabara ne ko haƙuri kawai ake yi?

AMSA: Ɗana sannu da ƙoƙari, akwai dabara kuma akwai haƙurin. Zagin dai ka shanye, amma tsakanina da kai laifin wanda yace a ƙara ja ya fi naka. Wayar da ta tsinke ina kyautata zaton ayin ce, wato wayar nan mai saƙa da ke haɗa inji da shasi, ita ce aka fi mantawa don tana ɓoye a baya ƙura da baƙin mai sun rufe ta ta zama kalar inji. Abokan ɓuyanta su ne ƙaramin tiyon da ke mayar da gas tanki, wayar agogon oyil, kebul ɗin totur da na kashe inji, da tiyon hita in motar tana da shi. Ga abin da zaka riƙa yi ko ba a saka ba, in sarƙa ta ɗauka a ɗaga kamar faɗin yatsa biyu kawai a tsaya, ka ɗauki tocila ka zagaya injin sau biyu kana duban duk abin da ya miƙe ya yi tauri. Inji in ya rabu da komai da hannu ɗaya zaka girgiza shi. In ka ji sarƙar hannu ta yi nauyi fiye da yadda ta fara, ko ka ga gaban mota yana tasowa sifirin yana miƙewa, to wani abu na riƙe da shi, sauri ya haifi nawa.

Notinan sama kuwa, kuskuren da kuke yi shi ne kuna neman su ta inda kuke ganinsu. Ba ta nan ake zuwa musu ba. Ka haɗa dogayen hannun soket biyu ko uku, ka sa gwiwar nan mai lanƙwasa a bakin, ka kwanta can baya wajen farfela ka turo shi ta saman giyabos, wani ya tsaya a gefe ya ɗora maka soket ɗin a kan noti. In har yanzu babu hanya a tokare giyabos da jak a kwance mazauninsa na baya a ɗan sassauta shi ƙasa kaɗan, zaka ga sarari ya buɗe a sama, amma a lura da fanka kada ta daki lagireto tunda in baya ya sauka gaba tashi yake. Kuma waɗannan masu wuyar su zaka fara kwancewa tun sauran suna riƙe, ka bar guda biyu masu sauƙi na gefe su zama na ƙarshe. In ka yi akasin haka duk nauyin ya taru a kan wanda baka iya kaiwa, ranar zaka san Legas da zafi.

Soket mai kusurwa shida zaka nema ba mai sha biyu ba, tsohon noti da tsatsa ta cinye kansa mai sha biyu murje shi zai yi ya zama kamar ƙwallo, daga nan sai kurfi da guduma a inda ko hannu baya shiga. Na salansa da manifol ka jiƙa su tun daren jiya da man kwance tsatsa, in babu ko gas da ɗan man giya ya fi babu, da safe ka ɗan ƙwanƙwasa kan notin ka fara gwada ɗaurewa kaɗan kafin ka kwance. In dole sai an sa wuta to a tabbata an kawar da tiyon gas da tsumman mai, a ajiye bokitin yashi kusa.

Tabon hannu kuma, ka koyi jawo sifana wajenka maimakon turawa, in wajen bai bada damar ja ba ka tura da tafin hannu a buɗe kada ka dunƙule yatsu, noti in ya saki bagatatan tafin ne zai daki ƙarfe ba gaɓoɓin yatsu ba. Zobe da agogo a cire. Kafin komai a cire kan batir, na nagetif da farko, manyan motocin nan batir biyu ne a haɗe suna bada bolt 24, sifana in ta haɗa kan kik da bodi a wannan matsatsin wajen tana iya yin ja ta manne kafin ka zare hannu. Ni ɗan yatsana na hagu har yau baya lanƙwasuwa daidai, ba batir bane, injin sit ne, na sa yatsa ina laluben ramin noti lokacin da ake sauke inji maimakon na sa sukundireba. Ramin noti da ƙarfe ake nemansa.

Wayar nan da ke aljihunka ka yi amfani da ita, ka ɗauki hoton kowane gefe kafin a taɓa komai, notin kowane sashe ka zuba a gwangwaninsa daban. Fayif ɗin nozul in ka cire ka ɗaure bakinsu da bakin injekta da leda mai tsafta, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta lalata nozul. Kuma in ana gwada nozul kada ka kuskura ka tara hannu kace zaka ji feshin, ƙarfinsa ya kai wajen 200 a ma'aunin matsi da ake kira bar, yana huda fata gas ya shige cikin nama, ramin ɗan mitsitsi ne kamar cizon sauro amma in ya faru asibiti za a nufa a take ba kemis ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mace ce a Idi-Araba, maigidana Allah ya yi masa rasuwa ya bar mana DAF ɗaya da muke ci da ita. An ce injin sai an sauke. Bakanike yace sai an yi hayar Hiab, wato motar nan mai hannun ɗaga kaya, ƙanina kuma yace cuta ce, akwai ƙaramar kurar ɗaga inji mai tan 2 a garejin abokinsa za ta yi kyauta. Ban san wa zan bi ba, kuɗin marayu ne.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan maigida ya raya abin da ya bari. A wannan karon bakanike ne mai gaskiya, ki biya kuɗin Hiab ɗin. Kurar nan da ƙaninki yake magana na santa, mai ƙananan tayoyi da jak a jiki, an rubuta tan 2 da manyan baƙi amma in ya duba hannunta zai ga ramuka huɗu, tan 2, tan 1.5, tan 1 da rabin tan. Tan 2 ɗin sai hannun yana a gajarce, shi kuwa injin babbar mota kafin ƙugiya ta kai tsakiyarsa sai an zaro hannun har ƙarshe, a nan rabin tan kawai take ɗauka. Injin DAF irin na tirela, masu lita 12 da ɗoriya, nauyinsa wajen tan ɗaya ne, haka na Mack ma. Kin ga lissafin bai haɗu ba, kurar kifewa zata yi ta gaba, kuma tayoyinta sai kan siminti mai santsi suke gangarawa. An yi ta ne don injin ƙananan motoci da bas, iyakarta irin su Kanta da Dyna.

Inda za a iya cutarki ba a hayar bane, a lokaci ne. Masu Hiab da awa ko da zuwa suke caji, to ki sa ƙanin naki ya tsaya ya tabbata an gama kwance komai, an tsiyaye mai da ruwa, saura notinan injin sit da biyun ƙarshe da ke haɗa inji da giyabos kafin a kira motar, in an shirya ɗagawar kanta bata da daɗewa. A kuma tanadi inda za a ajiye shi, katakai masu kauri a tokare shi ta gefen bulok, ba a dire shi a kan botom filet ba don zai lotse ya matse abin zuƙar oyil na ciki. Tsohuwar taya da ake jefa inji a kai ta fi ƙasa amma inji yana mirginawa a kanta, in za a kwance shi a wajen a sa katako. Mai Hiab shi ma ya fitar da ƙafafunsa duka biyu a kan katako, kuma mutum ɗaya tak zai riƙa bashi umarni, don in mutum biyar suna ihu wannan yace sama wannan yace ƙasa da Hausa da Yarbanci da Turancin buroka a nan ake fasa gilas.

Wani abu da baki tambaya ba amma zan faɗa. In aka buɗe aka ce gara a sayo tokumbo a Ladipo, kada a biya sai an juya karanshaf da hannu zagaye biyu cikakku an ji babu inda ya cije, an buɗe botom filet an ga babu ruwa ko garin ƙarfe, an kuma gwada lambar injin da ta tsohon. Tsohon injin kuma naki ne, ko a matsayin ƙarfe aka kai shi Owode Onirin kuɗi ne, balle injekta da kik da altaneta da ke jikinsa, kada ya ɓace a gareji.

TAMBAYA: Oga ni tambayata gajeriya ce. Kan motata MAN in an kifa shi yana saukowa a hankali da kansa, muna tokare shi da icce. Akwai matsala?

AMSA: Akwai babba. Jak ɗin kan yana zubar da mai ta ciki, sil ɗinsa ya mutu, a gyara. Kan mota ana kifa shi ne har ƙarshe ya wuce tsakiya yadda nauyinsa zai rinjaya gaba, ba a barinsa rabi a shiga ƙarƙashi, sannan a sa ƙarfen tokarensa da fil ɗinsa. Icce yana zamewa a kan shasi mai maiƙo, in ba makawa ƙarfe za a sa a ɗaure shi sama da ƙasa. Kafin a kifa a sa giya a furi, a rufe ƙofofi, a kwashe kayan ciki, na taɓa ganin jak ɗin taya da aka manta a bayan kujera ya fito ta gilashin gaba. A kuma duba sama, garejin bakin titi a Legas wayar wuta a ko'ina take.

TAMBAYA: Malam mun gama aikin injin 911 mun zo mayarwa, ya shiga amma saura kamar faɗin yatsa ya haɗu da giyabos ya tsaya cak. Wani yace mu sa dogayen notina mu ɗaure zai jawo kansa. Mun bari sai mun ji daga gareka. Daga masu gareji a Alaba Rago.

AMSA: Madalla da kuka bari, wanda ya baku shawarar nan ku tambaye shi ko shi zai sayi sabon kulocfilet. Faɗin yatsan nan da ya rage yana nufin ɗaya daga abu biyu, ko haƙoran shaf ɗin giyabos basu shiga na kulocfilet ba, ko sun shiga amma bakin shaf ɗin bai sami ɗan boris ɗin da ke tsakiyar filawil ba don filet ɗin bai zauna a tsakiya ba lokacin da kuka ɗaure fireshafilet. In kuka ja da noti ko dai tsakiyar filet ya lanƙwashe mota ta riƙa ƙin shiga giya, ko kunnen gidan kuloc ya tsage, kun ga an koma gidan jiya har da ƙari.

Ku ja injin baya ku duba. Filet ɗin da tsohon shaf na giyabos ake saita shi, kowane gareji ya kamata ya ajiye guda ɗaya yankakke don wannan aikin, a zura shi har cikin boris sannan a ɗaure fireshafilet a zare, in ya fita salin alin to ya zauna. Ku shafa giris ɗan kaɗan a haƙoran shaf, kaɗan nace, in ya yi yawa zai fantsama kan filet. Sannan ku sami dogayen notina biyu ku yanke kawunansu ku ɗaura a bulok hagu da dama su zama jagora, injin zai bi su ya tafi a miƙe. Ku riƙa auna tazarar da ke tsakanin inji da giyabos sama da ƙasa, hagu da dama, in sama ta fi ƙasa faɗi to injin a karkace yake, da cenbulok ko jak ɗin giyabos za a daidaita ba da ƙarfi ba. In duk ya daidaita ya tsaya, ku sa giyabos a babbar giya wani ya ɗan juya karanshaf ta gaba da sifana, zaku ji ya faɗa ƙwas da kansa.

Tunda kun kusa tayarwa bari na ƙara muku. Ku cika filtar oyil, ku ja kebul ɗin kashewa ku riƙe ku buga kik har agogon oyil ya motsa kafin ku bar shi ya kama, sabon metal, wato shimfiɗar da karanshaf ke juyawa a kai, baya son tashi a bushe. Iskar layin gas ku fitar da ita da famfon hannu, a sassauta notin kan filta har gas ya fito babu kumfa, sannan na jikin injekta, in ya ƙi kamawa a sassauta fayif biyu ko uku a bakin nozul a buga har su tofar a ɗaure. Kuma wani ya tsaya da guntun katako mai faɗi kusa da bakin shan iska, injekta da aka taɓa in aka yi rashin sa'a ta maƙale a buɗe injin zai yi ta hawa makulli baya kashe shi, toshe masa iska ne kawai, da katako ba da tafin hannu ko tsumma ba. In a cikin shago kuke ku turo gaban motar waje ko a buɗe ko'ina saboda hayaƙi.

Mai tambaya kan Kosta da injinta ke ƙarƙashin dandamali, saƙonka ya iso amma ka turo min lambar injin da shekarar motar tukuna, sai wata mai zuwa in Allah ya kaimu.